Cutar Noma: Yadda Sakkwato da Damagaram Suka Samar wa Cuta Marar Gida Gurbi

Ranar 15 ga Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa ta shigar da cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Ita ce ta 21 a jerin. Nijeriya ce ta kai takardar neman hakan a watan Janairun shekarar, da yawun ƙasashe 32, kuma kaso mai tsoka na binciken zamani da ake da shi a kan cutar a Sakkwato da Damagaram aka yi shi. Abin da ya kamata ya tsayar da mai karatu shi ne tsawon jiran. Wani likitan fiɗa a ƙasar Holan ya bayyana cutar a rubuce tun 1595. Maganin da ke tsayar da ita ya samu tun shekarun 1940, lokacin da fenisilin ya shiga hannun likitoci. Duk da haka sai da aka yi shekara 428 daga bayanin farko kafin ta sami gurbin da ake ware wa kuɗi da ma'aikata a tsarin lafiya na duniya. A ganina rashin sani bai isa ya bayyana wannan jinkiri ba. Likitancin zamani yana raba cututtuka gida-gida, bisa ƙwayar da ke haddasa su ko gaɓar da suke kamawa, kuɗi da ƙidaya da horo kuma duk wannan rabon suke bi. Cutar da ta ƙi zama a gida ɗaya takan wayi gari ba ta da mai ita, kuma tarihin cutar noma shi ne tarihin abin da wannan rashin gida ke jawo wa masu fama da ita.

Cutar yara ce, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa lokacin da haƙoran girma ke shirin fitowa. Takan fara da abin da uwa ba za ta ɗauka da zafi ba: dasashi ya kumbura, yana jini in an taɓa, baki yana wari, yawu yana dalala. Sau da yawa yaron bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ba, kuma dama tamowa ta riga ta kama shi. Daga nan kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya bayyana a kansa, naman wurin ya mutu ya zube, ya bar rami. Cikin kwanaki, abin da bai wuce mako biyu ba, tana iya cinye leɓe da kunci da hanci, ta kai ga haƙora da ƙashin muƙamuƙi, wani lokaci har gindin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Wanda ya tsira kuma ya shiga wata doguwar jinya ta daban. Tabon da ya warke yakan ja naman fuska ya ɗaure muƙamuƙi har baki ya kasa buɗuwa, sai dai a riƙa tura kunu ta ramin kuncin ko ta tsakanin haƙora. Magana ba ta fita sarai, yawu ba ya tsayawa. Yarinya takan girma da gefen mayafi a baki, yaro ya daina zuwa makarantar allo saboda kallo da tsokana, in an kai munzali kuma maganar aure ta yi wuya. Ba a ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum, amma maƙwabta da yawa ba su san haka ba, shi ya sa ake raba wa mai ita ƙwarya.

Turai ta san wannan fuska sarai. Carolus Battus ne ya yi bayanin 1595, Arnoldus Boot ya sake bayyana ta a 1649, Cornelis van de Voorde kuma ya laƙaba mata sunan da aka san ta da shi yau a 1680. A 1765 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gabriel Lund, ya danganta ta da talauci da cunkoso da rashin abinci, kuma har yau ba a sami wanda ya rushe wannan bayani ba. A ƙarni na 19 an rubuta littattafai sukutum a kanta a Jamus da Faransa, domin tana bin annobar ƙyanda cikin gidajen marayu da unguwannin leburori. Sai kuma ta ja da baya. Zuwa farkon ƙarni na 20 ta kusa ɓacewa daga Turai da Amurka, tun kafin a sami fenisilin, saboda abinci ya wadata, ruwa ya gyaru, gidaje sun rage cunkoso. Da ta bar asibitocinsu sai ta bar littattafan koyarwarsu, kuma waɗannan littattafai su ne aka zo da su aka horar da likitocin Afirka. Inda ta sake ɓullowa a Turai ya isa shaida a kan asalinta: sansanonin 'yan Nazi na Auschwitz da Bergen-Belsen a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka tara yara aka hana su abinci. A Auschwitz ta yi ɓarna musamman cikin yaran ƙabilar Roma. Aka gama yaƙi, yunwar ta wuce, cutar ta sake tafiya.

A Nijeriya likitoci ba su daina ganinta ba. A 1966 Michael Tempest ya wallafa bayanin masu cutar 250 da aka gani a Ibadan, daga farkon shekarun 1970 kuma Cyril Enwonwu ya duƙufa a kan alaƙarta da tamowa, ya shafe shekaru da dama yana wannan aiki. Sanin yana nan ke nan. Matsalar ita ce a wane ɗaki za a ajiye shi. Tun zamanin Louis Pasteur da Robert Koch likitanci ya saba da tsari guda: kowace cuta mai kamuwa tana da ƙwayarta, a gano ƙwayar, a nemo mata magani ko rigakafi. Tarin fuka da kwalara da kuturta duk sun shiga wannan tsari. Noma ta ƙi. A ƙarshen shekarun 1990 Enwonwu da abokan aikinsa sun ɗora zargi a kan wasu ƙwayoyi biyu da suka samu a bakin yara masu cutar a arewa maso yammacin Nijeriya. Sai wata tawagar masu bincike daga Janiba ta zauna a yankin Damagaram daga 2001 zuwa 2006, ta gwada yara 82 masu cutar da wasu 327 marasa ita, aka wallafa sakamakon a 2013. Ba su sami ƙwaya ɗaya da za a nuna da yatsa ba. Abin da suka gani shi ne rikicewar ma'aunin ƙwayoyin da dama suke zaune a bakin kowa, a jikin yaron da garkuwarsa ta karye. Abubuwan da suka bambanta masu cutar da sauran kuwa su ne tsananin tamowa, rashin lafiya na kwana-kwanan nan, yawan cikin da uwa ta yi a baya, da kuma rashin kaji a gidan. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin gidan ƙauyen da ba shi da ko kaza ɗaya kowa ya san inda talauci ya kai shi.

Sakamakon wannan rashin ƙwaya guda ya bayyana har a cikin kundin rarraba cututtuka na duniya, wanda asibitoci ke bi wajen rubuta abin da ya kwantar da mutum ko ya kashe shi. A bugu na 10 an ajiye noma a babin cututtukan da ƙwayoyi ke kawowa, ƙarƙashin wani rukunin ƙwayoyi masu siffar murɗiya. A bugu na 11 an mai da ita cikin cututtukan baki da dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 1994, amma ta damƙa ta ga sashen lafiyar baki da haƙori, sashen da ke cikin mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata a kusan kowace ma'aikatar lafiya ta Afirka. Likitan haƙori yana birni, yaron yana ƙauye. Likitan yara yana ganin ƙyanda da tamowa, ba lallai ya buɗe baki ya duba dasashi ba. Masu shirin abinci mai gina jiki suna auna damtse. Likitan fiɗa kuma sai bayan shekaru yake haɗuwa da wanda ya tsira. Ta zama kamar ƙauyen da ya faɗo a kan iyakar hakimai huɗu, in an zo rabon rijiya kowa ya ce na wancan ne. Babbar ƙididdigar nan ta nauyin cututtuka a duniya, wadda masu ba da tallafi ke dubawa kafin su saki kuɗi, ba ta ware mata layi ba. Adadin da ake ta maimaitawa har yau, wato sabbin kamuwa 140,000 a shekara da mutum 770,000 da ke rayuwa da tabonta, ƙiyasin 1998 ne.

A nan ne rawar Sakkwato ta fito. A 1996 wata gidauniyar taimakon yara ta ƙasar Jamus ta fara kawo tawagogin likitocin fiɗa birnin, a 1999 kuma aka buɗe Asibitin Yara Masu Cutar Noma, ɗaya daga cikin ƙalilan a duniya da aka gina domin wannan cuta kaɗai. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta riga ta fara karɓar irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990. Muhimmancin waɗannan wurare ya wuce ɗinkin fuska. A karon farko an sami ƙofa guda da aka rubuta sunan cutar a kanta, inda mutanen da aka ɓoye a ɗaka shekara goma ko ashirin za su iya zuwa, a rubuta sunansu da garinsu da shekarar da abin ya same su. Daga wannan rajista aka fara ƙirga. Hanyar da likitocin suka bi a 2003 tana nuna irin wahalar ƙirga cutar da yawancin masu ita ke mutuwa a gida ba tare da an rubuta ba. Asibitin yana karɓar yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, kuma an san kusan yawan jariran da ake haifa da wannan matsala cikin kowace dubu. Sai suka gwada yawan masu cutar noma da suka zo da yawan masu tsagaggen leɓe da suka zo daga yanki ɗaya, suka sa lissafin waɗanda cutar ke kashewa kafin su iso, suka fitar da ƙiyasin yara 6.4 cikin 1,000 a arewa maso yammacin Nijeriya. Ƙiyasi ne na zagaye, yana da rauninsa, amma ya nuna cewa abin da ake kira cuta mai wuyar gani a littattafan Turai ba ta da wuyar gani a karkarar Sakkwato da Kabi da Zamfara. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya wajen tafiyar da asibitin, ana yin aikin kyauta, an yi fiɗa fiye da 1,000, kuma binciken da aka yi a wurin ya ƙara haske: yaran da aka ba dakashi bayan haihuwa da waɗanda uwa ce ke rainonsu da kanta sun fi tsira daga kamuwa, waɗanda kuma ake ba koko kullum sun fi kamuwa.

Mai ja zai ce duk wannan hidimar neman shiga jeri aikin ofis ne. Turai ta rabu da cutar noma ba tare da wani jeri ba, da burodi da madara da ruwa mai tsabta, don haka a bar maganar takarda a nemi abinci. Rabin maganar gaskiya ce, kuma duk wanda ya karanta tarihin da ke sama dole ya yarda cewa cutar ba za ta ƙare ba sai yunwar yara ta ƙare. Sai dai Turai ta ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ta kai can, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta da maganin da za ta ba yaron da ya kamu. Mu muna da shi. A matakin farko, kafin nama ya mutu, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu araha irin su amoksisilin da filajil, da wanke baki, da ruwa, da abinci mai gina jiki, suna tsayar da ita cikin kwanaki. Abin da ya rage shi ne ma'aikacin lafiya na ƙauye ya san cewa akwai irin wannan cuta, ya san alamunta, ya san cewa an ba shi mako ɗaya ne ko biyu. Wannan ilimi kuwa ba ya shiga manhajar horo sai cutar tana da gurbi, ba a sa shi cikin fam ɗin rahoton wata sai wani ofis ne ke da alhakin karɓar rahoton. Akwai misali kusa. An shigar da saran maciji cikin wannan jeri a 2017. Kafin 2019 ta fita Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage mace-mace da naƙasa da rabi zuwa 2030, gidauniyar Wellcome ta Ingila kuma ta ware fam miliyan 80 domin bincike. Ƙarancin maganin dafi bai ƙare a karkararmu ba, amma an sami wanda za a tuhuma in ya yi ƙaranci, abin da babu shi a da.

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin 'yan boko, cewa laifin iyaye ne: suna ce wa cutar ciwon iska ko ciwon daji, suna kai yaro wurin mai maganin gargajiya a yi ta shafe-shafe da hayaƙi har lokaci ya ƙure. Jinkirin gaskiya ne, kuma yana kashe yara. Amma ɗora laifin duka a kan uwa rashin adalci ne. Matar da ta ga fuskar ɗanta tana zubewa cikin mako guda, ba rauni, ba ƙuna, ba cizo, dole ta nemi bayanin da ya yi daidai da girman abin da ta gani. Da yawa cikin iyayen sun bi ta kemis ko ƙaramin asibiti kafin su isa Sakkwato, kuma wanda suka tarar a can shi ma bai taɓa jin cutar a makaranta ba. Idan masanan da ke tsara kundin rarraba cututtuka sun yi shekaru suna mai da ita daga babi zuwa babi, da wane dalili za a zargi matar ƙauye don ta sa ta a babin da ta sani? Hanya mafi amfani ita ce wadda masu aikin wayar da kai na asibitin suka ɗauka, ta koya wa masu maganin gargajiya alamun farko domin su tura yaron da wuri, tunda su ne ƙofar da aka fi ƙwanƙwasawa.

Ja na uku ya fi nauyi. Gyaran fuska ɗaya yakan ci fiɗa biyu ko uku ko fiye, a yanko fata da nama daga goshi ko ƙirji ko wani wuri a rufe ramin, a saki muƙamuƙin da ya ɗaure, sannan a yi watanni ana motsa shi don kada ya koma. Ko sa wa irin wannan majinyaci maganin barci sai gwani, tunda bakin ba ya buɗuwa. Da kuɗin mutum ɗaya za a yi wa yara masu yawa allurar ƙyanda. In lissafin kuɗi kaɗai za a bi, rigakafi ne ke da rinjaye, kuma ban ga yadda za a musa ba. Amma waɗanda suka riga suka kamu suna nan da ransu, kuma tsarin da ya kasa gane cutarsu lokacin da maganin kwana kaɗan zai wadatar yana da bashinsu a wuyansa. Ban da haka, tarihi ya nuna cewa daga ɗakin fiɗa muryar ta fito. Mulikat Okanlawon ta kamu tana ƙarama, an yi mata aiki a Sakkwato, ta zama ma'aikaciya a asibitin, sannan ita da Fidel Strub, wanda aka haifa a Burkina Faso aka yi masa aiki a Suwizalan, suka kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga cutar noma. Sun tsaya gaban taruka sun yi magana da bakin da likitoci suka gyara, kuma a 2024 mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya. Cutar da ke kashe 9 cikin 10 ta kuma rufe bakin na goman ba ta da mai yi mata kuka sai an buɗe wannan bakin.

Shigar 2023 ba ta warware tambayar kimiyya ba. Har yanzu ba a nuna ƙwaya guda ba, ba a kuma bayyana dalilin da ya sa cikin yara masu tamowa da ciwon dasashi wasu ƙalilan ne kaɗai abin ke zarcewa da su. Abin da ta canza shi ne an yarda a ba cuta gida bisa irin mutanen da take kamawa da irin watsin da aka yi da su, ko da asalinta bai gama bayyana ba. Haɗarin da ke gaba shi ne a tsaya a nan, a riƙa taron Ranar Cutar Noma ta Ƙasa kowace 20 ga Nuwamba a Abuja, alhali rashin tsaro yana korar manoma daga gonakinsu a Zamfara da gabashin Sakkwato da Katsina, cibiyoyin tamowa suna cika, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da ke ƙasa wajen allurar rigakafin yara. Duk sharuɗɗan da Gabriel Lund ya lissafa a 1765 sun haɗu a can.

Saboda haka kiran yana kan ma'aikatun lafiya na jihohin arewa da na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa: a sa duba baki cikin aikin kowace cibiyar tamowa da kowane zagayen rigakafi, a sa matakan cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2016 cikin manhajar makarantun ma'aikatan lafiya da ungozoma, a kuma ware mata layi a rahoton wata na kowane ƙaramin asibiti. Kai kuma mai karatu, in ka ga yaron da ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi bakinsa yana wari, dasashinsa yana jini, ko kuncinsa ya fara kumbura, ka sa a kai shi asibiti a ranar, ka kuma faɗa wa ma'aikacin da ka tarar sunan cutar da kake tsoro.